Sunan da Aka Rufe Waƙa da Shi

Duk wanda ya ce maka tsautsayi ne ya faɗa wa Mikail Koki, ka ce masa Salihu ya ce ƙarya yake yi. Ni ne Salihun. Ni na gina masa shafinsa na intanet da hannuna, kuma ƙanwata Nafisa, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce matarsa. Saboda ita nake ba da labarin nan. Shi kam ban yafe masa ba, ba kuma zan yafe ba.

Sana'ata yi wa mutane shafi da rubutu a bulog, ina da ɗan shago kusa da Ƙofar Ɗan Agundi. Mikail mawaƙi ne mai cin gashin kansa, ba ubangida, ba kamfani. Murya kuwa Allah ya ba shi, wannan ba zan hana shi ba. Na yi masa shafi kyauta saboda Nafisa: hotonsa, tarihinsa, wurin sauraron waƙa da saukewa, da gurbin rubutu. Na ce masa aikin nan haƙuri yake so. Ka yi rubutu duk mako, ka gaya wa mutane yadda waƙa ta zo maka, wanda ya yi maka magana ka amsa masa ko da mutum ɗaya ne.

Bayan wata takwas ya shigo shagona yana huci.

"Yaya Salihu, mutum ɗari uku? Wata takwas, mutum ɗari uku? Ai ko ɗaurin auren talaka ya fi haka jama'a."

Na ce, "Ɗari ukun nan naka ne, ba ka saye su ba. Ka riƙe su."

"Riƙe su kai. Ni ban zo duniya don in yi wa ɗari uku waƙa ba."

Abin da ya biyo baya shi ya ba ni labari da bakinsa, ranar da ba ta da amfani. Wata Laraba da rana tsaka ya je bayan ganuwa, wani kango da a da marina ce, wurin wani boka da ake ce wa Mailafiya. Ka ji suna! Ramukan rini duk sun cike da shara sai guda ɗaya, an zagaye bakinsa da ƙahonni da jajayen tsummokara. Ƙasar wurin baƙa ce ƙirin, ko ciyawa ba ta fito ba, ƙarnin jini yana tashi har cikin maƙogwaro. Ramin busasshe ne, amma idan ka kasa kunne sai ka ji guna-guni a cikinsa kamar kasuwa daga nesa. Bokan yana zaune a bakin ramin, ƙafafunsa na lilo a ciki.

Bai ɗago kai ba ya ce, "Ga mai murya babu masu ji. Kunne nawa kake so?"

Mikail ya ce, "Miliyan. Fiye ma."

"Muna da su. Su ne kake ji a ƙasa. Amma ba ma aiki da yunwa. Ku mawaƙa ba kwa rufe waƙa sai kun gai da mutane, ko ba haka ba? To sunan ƙarshe, wanda ka rufe da shi, namu ne."

"Kashe shi za ku yi?"

"Wa ya kawo maganar kisa? Duk lokacin da aka saurari waƙar, numfashi ɗaya muke ɗauka a jikin mai sunan. Ɗaya tak."

"Ko sunan wa na sa?"

"Kada ka raina mana hankali. Sai wanda kuka sa hannu a kwano ɗaya da shi. Shafin naka shi ne ƙofarmu. Waƙar da ta hau shi ta shigo hannunmu, ko ina ta je bayan nan."

Ka san abin da ɗan banzan nan ya yi tunani? Wai numfashi ai ba ya ƙarewa, mutum yana yin dubbai a rana bai ma sani ba. Ya roƙi miliyan da bakinsa, amma kansa yana lissafi da ɗari uku. Ya ce ya yarda. Bokan ya sa shi ya rubuta adireshin shafin a jan ƙyalle, ya yanka baƙin zakara, ya zare harshensa ya naɗe a ciki. Ya ce Mikail ya rera adireshin sau uku a bakin ramin, sannan ya jefa ƙullin. Bai ji faɗuwarsa ba. Guna-gunin dai ya ɗauke ɗif, kamar an tsaya ana sauraro.

Waƙar farko ya rufe ta da sunan Baba Ilu, ƙanin mahaifinsa, tsoho mai ɗinkin hula da ya riƙe shi tun yana maraya. Cikin mako biyu ta haura miliyan. Ni sakarai har bugun ƙirji nake yi a bulog, wai dabarata ce ta yi aiki. Masu talla suka yi layi, masu biki suka fara neman lambarsa, ya sayi mota, daga baya ma ya rushe gidansu na Koki ya ɗora bene.

Baba Ilu kuwa yana zaune a zaure da allurarsa sai a ji ya ce, "Na'am." A ce, "Baba, ba wanda ya kira ka." Can kuma, "Na'am." Numfashinsa ya riƙa guntulewa, asibiti suka duba ba su ga komai ba. Kafin wata ya cika aka kai shi makwancinsa. Mikail ya yi kuka a wurin jana'iza har ana ba shi baki, kuma kafin sadakar arba'in ya shiga situdiyo.

Ta biyu ya rufe ta da sunan Bashir, ƙaninsa, magini ƙaƙƙarfa. Wai ƙirjinsa zai ɗauka. Ƙirjin ya ɗauka, kan ne ya kasa. Bashir ya riƙa gudu a lungunan Koki, kunnuwansa cushe da auduga, yana ihu, "Na'am! Na ce na'am! Ku yi ɗaya bayan ɗaya mana!" Har yau a ɗaure yake a ɗaki.

Daga nan tsoro ya kama Mikail, ya daina fitar da waƙa. Bai gaya wa kowa dalili ba. Ni kuma a sana'armu ba a barin shafi shiru, idan ka yi wata biyu ba sabon abu mutane sun watse. Na yi masa magana ya ce, "Bar shi kawai." Na ɗauka girman kai ne. Da na duba kwamfuta sai na ga tsohuwar waƙar da ya yi wa Nafisa lokacin aurensu, ba a taɓa sake ta ba. Ƙarshenta sunanta ne, yana ja yana maimaitawa. Na kira ta na tambaye ta.

Ta yi dariyar kunya ta ce, "Yaya, sa mana. A san ni ma ina nan."

Na ɗora ta ranar Alhamis da hantsi, na rubuta cewa kyauta ce ga masoya. Kafin azahar sai ga Mikail ba takalmi, ya shaƙe wuyan rigata.

"Me ka sa? Me ka sa a shafin nan?"

A nan ya zube ya amayar min da labarin bokan duka. Na kwaɗa masa mari, na sake kwaɗa masa, sannan na juya kan kwamfuta. Na goge waƙar, na rufe shafin gaba ɗaya. Aikin banza! Bulogi sun fi ashirin sun kwafe ta, 'yan dawunlodin suna ta tura wa mutane a waya, ga shi lokacin bukukuwa ne. Na bi masu bulog ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, suna dariya suna cewa, "Oga Salihu, wannan kuma sabon salon talla ne?" Na rubuta a bulog ɗina cewa don girman Allah a daina sauraron waƙar nan, rai ne a ciki. Wallahi wannan rubutun shi ya fi komai tallata ta. Kowa yana so ya ji waƙar da aka hana ji.

Mikail ya koma marinar da mukullin mota da takardun gida. Mailafiya bai ko kalle su ba. Ya ce, "Ni ban kira kowa ba. Muryarka ce ke kira. Je ka hana mutane ji."

Na ɗauko Nafisa na kai ta wurin Ummanmu a Soron Ɗinki. Malamai suka yi ta addu'a, tana samun sauƙi na ɗan lokaci, sai kuma a ji a hankali, "Na'am." Ta rame, leɓunanta suka bushe, magana ɗaya sai ta huta sau uku. A rana ta tara ana kamu a gida na uku da namu, suka saki waƙar a lasifika, mata suna amshi da sunanta. Na fita da gudu na fizge wayar lasifikar, samari suka rufe ni da duka, suka mayar suka ci gaba.

Na dawo da jini a baki na durƙusa gabanta. Ta kama hannuna.

"Yaya, wa ke kirana haka? Na amsa, na amsa, ba su daina ba."

Na kasa ce mata mijinki ne ya sayar, yayanki ya ɗora. Na ce, "Kada ki amsa, Nafisa. Don Allah yi shiru."

Ta ce, "Ba kyau a kira mutum ya ƙi amsawa." Ta sake cewa na'am, ba ta ja wani numfashin ba.

Mikail yana nan da rai. Benen ya tsage an tashi daga ciki, muryar ta mutu, ko sallama ba ya iya yi sai da hannu. Idan na hango shi sai in canza hanya, don kada in yi abin da zai kai ni kurkuku.

Kai da kake da murya ko wata baiwa, kake ganin mutanenka sun yi kaɗan, ka ji tsoron Allah ka tsaya inda halak ta tsayar da kai. Boka ba ya taɓa cirar kuɗin aikinsa a jikin baƙo, a cikin gidanku yake cira. Idan kuma ka ji an saki waƙar nan a biki, ka tashi ka kashe ta. Ƙanwata ce, shekararta ashirin da huɗu.