Kafinta da Tambayoyinsa na Jini

Ranar da suka fara ganin juna, tsawa ta daka masa.

Ya zo gyaran wata kantar katako a gidan renon yara inda take aiki, sai wata 'yar shekara uku ta yi karo da ƙofa, haɓo ya ɓalle mata. Kafinta ya yar da guduma, ya sure ta ya ɗaga mata kai sama.

"Kai malam, za ta haɗiye jinin!"

Malamar ta karɓe ta, ta zaunar da ita a cinya, ta sunkuyar da kanta gaba kaɗan, ta matse wajen da ke da taushi a hancin. "Yi numfashi ta baki, 'yar lele. Kai kuma duba mana agogo, minti goma."

Da ta tambaye shi minti nawa suka yi, sai ya ce, "Na'am?" Ba agogon yake kallo ba.

Washegari saƙon kafintan ya shigo wayarta: "Malama, idan yaro ya yanke a yatsa fa?"

"Danna wurin da ƙyalle mai tsabta, ka ɗaga hannun sama."

Bayan kwana biyu: "Idan ƙyallen ya jiƙe fa?"

"Kar ka cire, ɗora wani a kai, ku nufi asibiti."

Sai tambayar fasasshiyar kwalba da ta shige ƙafar yaro. Ta rubuta, "Kar ka zare ta! Danna gefe da gefe, ku tafi asibiti yanzu."

Wata guda ana haka. Tana jin ƙarar waya gabanta ya faɗi, ta kasa gane tsoro ne ko ɗoki. Yara nawa gare shi? Ina uwarsu? Don me ita kuma take jin haushin matar da ba ta taɓa gani ba?

Ta nuna wa ƙanwarta saƙonnin, ƙanwar ta kai wa Mama, Mama ta kai wa Baba.

"Mai iyali ne, kuma ga sakaci," in ji Baba. "Ga ɗan aminina mai shagon magani yana ta zarya, ki nutsu."

Ta sha kuka, sannan ta rubuta: "Ka kula da 'ya'yanka da matarka. Kar ka sake nemana."

Da la'asar sai ga shi a ƙofar gida, garin katako a gashinsa. Ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, ku gafarce ni, ko ɗa ɗaya ba ni da shi. Ban taɓa aure ba."

"To su wa ke ta yankewa?"

"Babu kowa. Rasa abin da zan ce mata na yi."

Baba ya dube shi, ya dubi Mama da ke danne dariya da mayafi. "Wato wata guda kana zubar da jinin yaran da ba a haifa ba?"

Sai da Baba ya yi sati uku yana bincike a kansa kafin ya amince.

Ana gobe ɗaurin aure saƙo ya shigo: "Malamata, yau ba tambaya. Ina son ki."

Ta mayar masa: "Da ka faɗa tun farko, rabin raina."

Aka ɗaura aure. Baba ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya na gaske, masu lafiya."