Ƙamshin Da Tafinta Bai Ji Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya halicci fure Ya ɓoye ƙamshi a cikinsa, Ya sanya natsuwa tsakanin zukatan bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, da alayensa da sahabbansa. Ya Allah, Ka daidaita alƙalamin nan, Ka sa abin da zai rubuta ya amfani 'ya'yanmu.

Kwalbar ta suɓuce daga hannun Auta, ta daki ƙasa, ta tarwatse.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Turaren Umma!"

Ta durƙusa tana kallon ruwan yana malala a ƙarƙashin teburin Tafinta, mai fassara wa mutane takardu. Shi ne haɗi na ƙarshe da mahaifiyarta ta yi kafin rasuwarta, kuma ba ta bar sirrinsa a rubuce ba. Auta ta kawo shi ne domin a bayyana shi cikin takardun neman bizar masu zuba jari.

Ƙamshi ya cika ofishin, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Telan da ke shagon kusa ya tsayar da kekensa ya leƙo. Mai gyaran agogo ya fito da gilashi maƙale a ido ɗaya.

Tafinta kuwa ya zaro hankicinsa, ya sunkuya yana goge wurin kamar ruwan sha ne ya zube.

Auta ta ɗago ido cike da hawaye.

"Malam... ba ka ji komai ba?"

"Na ji ƙarar fashewa."

Goggo, ƙanwar mahaifinta, wadda ke yi mata rakiya kullum, ta dakata da jan carbi.

"Ƙara? Ɗan nan, bene guda ya taso, kai ƙara ka ji?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wani zazzaɓi na yi shekarun baya, Goggo. Ya tafi, ya tafi da hancina. Wardi da kananzir duk ɗaya ne a wurina."

Auta ta share ido. "To ta yaya za ka rubuta musu sana'ata da harshensu?"

"Ki faɗa mini ƙamshin da baki," in ji shi a hankali. "Aikina ke nan. A ba ni magana, in kai ta inda mai ita ba zai iya kaiwa ba."

A lokacin, wata ƙasa da ke ƙetaren teku ta ba da sanarwar za ta tsaurara sharuɗɗan bizar 'yan kasuwa da zarar wata ya ƙare. Za a ɗaga jarin da ake nema, a ƙuntata ƙofar iyali. Kowa na rige-rigen shigar da takardunsa. Auta tana da mafarkin da ta gada daga Umma: ɗan shago mai ƙofar gilashi, a kan titin da ke gangarawa zuwa teku, kwalabe jere suna ɗaukar hasken yamma.

Kullum da hantsi sai ta zo da kwalba ɗaya, ta buɗe, ta lumshe ido.

"Wannan almiski ne. Kamar bargon da uwa ta tashi daga kansa, ɗuminta bai gama fita ba."

Alƙalaminsa ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Wannan fa?"

"Ɓawon lemo. Dariyar da ta kufce maka a inda bai kamata ba."

"Wardi?"

"Kunyar yarinyar da aka yaba a gaban mutane."

"Ni dai rakiyar biza na zo," in ji Goggo daga kujerarta, "ba a gaya mini rakiyar waƙa ba ce."

Suka yi dariya, kowannensu yana kallon wani wuri daban.

Wata rana ya tambaye ta ba tare da ya ɗago ba: "Wanda ya fashe fa? Na Umma?"

Ta rufe kwalbar da ke hannunta.

"Tafin hannunta a goshina... ranar da ba ni da lafiya."

Wannan bai rubuta shi ba. Ya ajiye alƙalamin ya yi wa Umma addu'a, Goggo ta ce amin da ƙarfi. Tun daga ranar, idan Auta ta yi mafarkin shagonta na bakin teku, sai ta ga akwai wani ɗan tebur a lungu, da wani mutum zaune yana rubutu.

Sai dai jarinta bai kai ba.

Ɗan Kawu, dillalin motoci, shi ya zo gida da maganin matsalar. Ya zauna a falon Yaya, babban wan Auta, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

"Gimbiya, ni zan cike gurbin. Abu ɗaya kawai: a rubuta cewa ni ne wanda zai aure ki, mu wuce tare kafin a rufe ƙofa."

"Amma ai ba haka ba ne," in ji Auta.

"Magana ce ta takarda, Auta," in ji Yaya. "In kuma ta zama gaskiya, ina laifi? Ɗan'uwanki ne."

"Za a rantsar da ni fa, Yaya."

"To ko akwai wani ne?"

Auta ta kau da kai. Goggo ta yi tarin da ba na mura ba, nan take Yaya ya gane.

"Tafintan nan? Haba Auta! Mai turare ta auri wanda hancinsa ya mutu? Ki haɗa, ki kai masa, ya ce sannu da ɗebo ruwa? Ki buɗe idonki, kujerar jirgi yake nema a jikinki!"

Ɗan Kawu ya miƙe ya yi sallama. Washegari da sassafe sai ga shi a ofishin Tafinta, fuska cike da fara'a.

"Malam, an gama maganar aure a gida, ni da ƙanwata. Ka sa sunana inda ya dace, ka kuma taya mu addu'a."

Da Auta ta zo da hantsi, ta tarar da takardu a ɗaure, kujerarta an matsar da ita nesa da teburin.

"Na kawo sandal yau..."

"An gama bayanin kaya, ranki ya daɗe."

Ranki ya daɗe! Kalmar ta soke ta.

"Me na yi maka?"

"Ba komai. Allah Ya sanya alheri." Ya gyara zaman takardun da suke a gyare. "Saura ganawa da jami'insu. Zan shiga tare da ke. Ki sani, a ɗakin nan ni ba kowa ba ne, baki ne na aro. Zan rantse ba zan ƙara ba, ba zan rage ba. Duk abin da kika faɗa, shi zan faɗa."

"Komai?"

"Komai."

Ta koma gida ta yi alwala, ta nemi zaɓin Ubangijinta. Ta yi kuka a kan sallaya, domin tana son tekun nan da gaske, kuma tana ganin kamar Umma na jiranta a bakin ƙofar gilashin.

Ranar ganawa, aka bar Yaya da Goggo da Ɗan Kawu a zauren jira. Ɗakin ƙarami ne, mai sanyi. Jami'in dattijo ne mai furfura da tabarau. Aka rantsar da ita, aka rantsar da Tafinta.

Jami'in ya tambaye ta sana'arta. Ta yi masa bayanin almiski da ɓawon lemo, Tafinta yana juyawa, har dattijon ya yi murmushi ya jinjina kai. Ƙofar gilashin ta matso kusa, Auta tana jin kamar iskar teku na taɓa mayafinta.

Sai ya buɗe wani shafi ya yi tambaya. Tafinta ya juyo da ita da busasshiyar murya, idonsa a kan bango.

"Ya ce, mutumin da ya cike miki jari, an rubuta shi za ki aura. Haka ne?"

Kalma ɗaya ce tsakaninta da teku.

"A'a."

Tafinta ya waiwayo a firgice. "Auta... ki yi tunani!"

"Ka rantse ba za ka ƙara ba."

Ya fassara. Jami'in ya ajiye alƙalami ya yi doguwar magana.

"Ya ce, kin san wannan amsa ta rushe takardunki? In wata ya ƙare, da wuya ki sake cika sharaɗi. Me ya sa?"

Ta sunkuyar da kai, ta damƙe gefen mayafinta.

"Na sani. Da sunan Allah na rantse kafin in zauna, ba zan gina shagon Umma a kan ƙarya ba. Kuma wancan yana jin ƙamshi, amma bai taɓa tambayata me ke cikin kwalba ba." Ta ɗago kai. "Wanda zuciyata ta natsu da shi ba ya jin komai, saurare yake yi. Ga shi nan zaune a gefena."

Jami'in ya dubi Tafinta, ya ɗaga gira yana jira.

"Auta," ya raɗa, "wannan ma?"

"Kai ka ce komai."

Mutumin da bai taɓa inda-inda a bakin aiki ba, ranar sai da ya fara jimla ya sake farawa. Amma ya kai ta ƙarshe, bai rage harafi ba. Ya faɗa wa baƙo, da harshen baƙo, abin da kunya ta hana a faɗa masa da nasa harshen.

Dattijon ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya rufe takardun, ya faɗi wani abu a tausashe.

"Me ya ce?"

"Ya ce... biza ba zai iya ba ki ba. Ɗaya maganar kuma ba hurumin ofishinsa ba ce."

A zauren jira, Ɗan Kawu ya yi ta sababi har mai gadi ya nuna masa ƙofa. Ya janye jarinsa a ranar. Yaya ya juya wa Auta baya.

"Kin zubar da damar da ba za ta dawo ba!"

"Kai, rufe mini baki," in ji Goggo. "Da ta rantse a kan ƙarya, kai za ka tsaya mata gobe kiyama? Kuma wanda ka ce kujerar jirgi yake nema, ga jirgi ya tashi, ga shi nan tsaye. Sai ka sake wani zargin."

Yaya bai sauko da wuri ba. Ya yi fushi, ya yi bincike, ya tambayi liman da maƙwabta, bai samo abin kushewa ba sai hancin nan. Wata ya ƙare, sabuwar doka ta fara aiki, Auta ta ji sanarwar a rediyo ta shiga ɗaki ta yi kukanta. Bayan damina, Yaya da kansa ya karɓi waliccinta.

Shagon turaren Auta ya ci gaba da zama a tsohon titinsa mai ƙunci, ba teku, ba ƙofar gilashi. Tebur kaɗai aka ƙara a lungu.

Wata yamma, bayan sallar la'asar, Tafinta ya ajiye wani ɗan gwangwani a gabanta, an liƙe bakinsa da kakin zuma.

"Mene ne wannan, abin ƙaunata?"

"Hankicin da na goge turaren Umma da shi. Tun a ranar na rufe shi. Na yi niyyar ba ki a filin jirgi." Ya yi murmushi. "Ban sani ba ko akwai saura, hasken idona. Wataƙila tsumma kawai na yi ta ajiya. Ke za ki gaya mini."

Ta ɓamɓare kakin. Ta kai fuskarta, ta lumshe ido.

Hawaye suka zubo.

"Akwai..." Ta sake shaƙa. "Sandal ne a ƙasa. Da wardi... da wani abu mai ɗaci-ɗaci, zan gano shi. Wallahi zan iya haɗa shi!"

Ya jawo kujerarsa kusa da tata, ya ɗauki alƙalami.

"To faɗa mini. A hankali."

Ya Allah, Ka jiƙan Umma da dukkan iyayenmu da suka riga mu, Ka sanyaya makwancinsu, Ka shaƙa musu ƙamshin Aljanna. Wadda ta karanta wannan kuma, Ka tsare harshenta a kan gaskiya ranar da gaskiya za ta yi mata tsada, Ka haɗa ta da mai saurarenta. Amin.