Shuɗi Biyu a Taswirar Wata

A wancan lokacin injin buga manyan takardu ɗaya ne tak a layin, yana shagon Mai Tawada. Nan wata budurwa ta shigo da hantsi, ta miƙa masa filashi.

"Malam, taswirar wata za ka buga mini."

Ya buɗe a kwamfuta, ya ga wata kamar an ɓarar masa da fenti. "Ranki ya daɗe, watan unguwarku ne wannan?"

Ta yi dariya, ta ja kujera. Ta ce wani kumbo ne ke zagaya wata yana auna ƙarfen da ke cikin duwatsunsa, ita kuma a jami'a tana bin lambobin, tana ba kowane irin dutse launinsa. Bai gane rabi ba, amma ya so ta yi ta magana. Tun ranar ya raɗa mata 'Yar Wata.

"'Yar Wata, injina ya ƙi tashi, shi ma ke yake jira," ya tura mata a waya.

"Mai Tawadana, ka lallashe shi, gobe ina tafe."

Da soyayya ta yi nisa, Abbanta kuwa ya kafe bai yarda ba. Ga likita ɗan amininsa yana zarya, me zai yi da mai shago kamar akurki?

Ana saura kwana uku ta gabatar da aikinta gaban malamai, Mai Tawada ya buga ta ƙarshe. Ya ga shuɗi biyu masu kama da juna, ya ɗauka tabo ne, ya daidaita su don ya burge ta.

Tana warwarewa idonta ya ciko. "Shekara biyu na yi ina raba duwatsun nan, ka haɗe su cikin minti ɗaya!" Ta fice, ta rufe waya.

Washegari ya sake bugawa yadda take, ya naɗe, ya nufi gidan da aka hana shi zuwa. Abba na zaune a ƙofa.

"Me ya kawo ka?"

Ya durƙusa. "Abba, ɓarna na yi mata. Shisshigi ne da rashin sani, na zo da gyara."

Dattijon ya dube shi. "Likitan nan wata shida yana zuwa, ban taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Ka turo manyanka."

Daga bayan labule aka ji wata ta tuntsire da dariya, har da sheshsheƙa.

Ranar ɗaurin aure Abba ya riƙe hannun Mai Tawada ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Ita ma tana kuskure, sai dai ba ta faɗa. Wannan kuma ya rage naka."