Rigar Da Lukman Ya Ƙi Ɗinkawa

"Maimaita min, Lukman... wataƙila kunnena ne bai ji daidai ba!"

Khaulat ce tsaye a tsakiyar shagon, gyalenta ya zame zuwa kafaɗa, ledar shadda a hannunta. Saura kwana goma sha ɗaya a ɗaura mata aure da mutumin da ke zaune gaban keken ɗinki, amma ya kasa ɗaga kai ya dube ta.

"Habibti, zauna mana..."

"Ba zama ya kawo ni ba! Yayana ya kawo maka ɗinkin bikina, ka mayar masa da kayansa. Me ya yi maka?"

"Ban ƙi nasa ba," ya faɗa a hankali. "Na ce zan ɗinka masa, ko sisi ba zan karɓa ba. Na Bilya ne ba zan taɓa ba. Babbar riga biyu iri ɗaya, aiki iri ɗaya a wuya, su sa su shigo taro kafaɗa da kafaɗa... hannuna ba zai yi wannan ba, Khaulat."

Duk Wudil an san Tasi'u mai kifi na bakin gada. Yana ɗan shekara goma sha bakwai mahaifiyarsu ta rasu, ta bi mahaifinsu, ta bar masa kaskon suya da ƙanwarsa Khaulat 'yar shekara shida. Shi ya yi mata wanka, shi ya koyi kitso saboda ita, da warin man kifin nan ya kai ta har jami'a. Muryarsa siririya ce, in yana magana hannunsa na karyewa, shi ya sa tun yana saurayi ake ce masa ɗan daudu. Shekara tara da suka wuce Bilya ya zo daga Ɗankaza, yana kawo masa kifi, daga baya ya tare a ɗakinsa, bai sake tafiya ba. Ana cewa zamansu ya wuce na abota. Ana faɗa ƙasa-ƙasa dai, irin tamu ta mutanen gari, baki na gulma hannu na miƙa kuɗin kifi.

Ita Khaulat ba ta taɓa tambaya ba. Abin da ta sani, ranar da zazzaɓi ya kusa kashe ta, Bilya ne ya goya ta har asibiti.

"Anko ne fa, Lukman! Anko! Abokanka su bakwai shadda iri ɗaya za su sa, kai ka ɗinka musu!"

"Abokaina ba a faɗin abin da ake faɗa a kansu."

"Ka ɗinka wa mutumin da duk Sabon Gari ta san yana dukan matarsa har sai ta suma. Ka ɗinka wa mashaya. Wa ka taɓa tambaya me yake yi a ɗakinsa kafin ka sa masa tef?"

"Waɗancan riga suka zo saya su rufe jiki. Wannan shaida ake so in bayar." Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Kin san aikina. Duk wanda ya ga wuyan riga a garin nan ya san hannun Lukman ne. In suka fito a haka, na sa hannu ke nan. Gobe me zan ce wa Ubangijina?"

Nan ne abin ya fi yi mata ciwo, domin ta san ba ƙarya yake yi ba. Lukman ba mai riya ba ne. Tsoron Allahn nan nasa shi ya fara jan ta gare shi, yadda yake ajiye almakashi da an kira salla ko da gwamna ne a shagon. Yau ga shi abin da ta so shi dominsa ya juyo ya sare ta.

"Zargi ne kawai," ta ce, muryarta ta soma karyewa. "Ka gani da idonka?"

"Ban gani ba. Shi ya sa na tambaye shi."

"Ka... tambaye shi?"

"Na ce, Yaya Tasi'u, ka rantse min ba komai tsakaninku, yanzu in auna ku ku biyun. Sai ya yi shiru, Khaulat. Ya naɗe shaddarsa ya fita."

Ta kafe shi da ido.

"A gaban wa ka tambaye shi?"

"Ba kowa a shagon..." Ya ɗan tsaya. "Sai Radiyya. Ta zo karɓar ɗinkin Hajiya."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Radiyya 'yar ƙanwar Hajiya ce, mahaifiyar Lukman. Tun tana sakandare take wa kanta kallon matar Lukman, ranar da aka sa ranarsa da Khaulat kwana biyu ta yi ba ta ci abinci ba. A gaban wannan yarinyar ya ga ya dace ya nemi rantsuwa! Namiji dai in yana ganin yana kan gaskiya, ba ya duba wa ke tsaye a bayansa.

Kafin la'asar maganar ta gama zaga wayoyin matan unguwa. Radiyya ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ba ta ma bukata. Cewa kawai ta yi an ce ya rantse ya kasa.

Shekara tara ana zato, ana cin kifi. Yini ɗaya aka samu tabbaci, kowa ya tuna yana da addini.

Ranar Juma'a, ranar kasuwa, wasu samari suka yi wa rumfar Tasi'u dirar mikiya. Suka kifar da kaskon yana kan wuta, tafasasshen mai ya wanke wa Bilya hannun dama tun daga gwiwar hannu. Lukman ne ya rugo daga shago ba ko takalmi, ya shiga tsakani yana ihu, "Ku ji tsoron Allah! Wa ya aike ku?" Har dutse ya same shi a goshi. Da ba don shi ba, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya.

Washegari Hajiya ta aika wa Kawu Isyaku, waliyyin Khaulat, can Kausani. Aure yana nan, amma da sharaɗi: Tasi'u ba zai zo ɗaurin aure ba, ba zai taka gidan ɗanta ba, amarya kuma ba za ta riƙa zuwa wurinsa ba. Kawu, wanda tun rasuwar uwarsu bai taɓa aiko musu da ko kwanon gero ba, ya ce wannan ai daidai ne.

Litinin da safe Khaulat ta fito ta tarar da buhu biyu a ɗaure a tsakar gida. Bilya na zaune a kan turmi, hannu a naɗe da bandeji, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Tafiya za mu yi, Auta. Akwai wani abokin Bilya a kudu, ya ce ana samun ciniki."

"Ba inda za ka! Wallahi in ka tafi na fasa auren!"

"Kul!" Ya daka mata tsawar da bai taɓa yi mata ba. Sai kuma ya sassauta, ya gyara mata ɗankwali kamar yadda yake yi tana ƙarama. "Kada in sake ji. Shekara goma sha bakwai ina gaban wuta don in ga wannan ranar. Lukman yaron kirki ne, zai riƙe ki amana."

"Shi ya jawo mana wannan!"

"Ni na jawo. Ni na ɗauki shadda na kai masa." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "Kwaɗayi ne ya ja ni, Auta. Na ce sau ɗaya dai a rayuwa mu ma mu sa kaya masu kyau, mu tsaya cikin mutane a bikinki, a ɗauke mu hoto. Na manta ko ni wane ne."

"Kai yayana ne! Kai ne uwata, kai ne ubana!"

"To ki yi min biyayya. Asabar zan kira ki, in ji an ɗaura. Shi ke nan abin da nake roƙo."

Ta riƙe rigarsa har tasha tana kuka, mutane na kallo, ba wanda ya ce musu sannu. Da motar ta hau gada ta daina ganin hannunsa, sai ta ji Wudil ɗin gaba ɗaya ta fita daga ranta.

Laraba bayan la'asar Lukman ya zo. Suka zauna a zaure, filasta a goshinsa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Nurul ƙalbi... ki dube ni mana."

Ta dube shi. Abin haushin, har yanzu zuciyarta na bugawa in ya kira ta da wannan sunan.

"Wallahi ban yi nufin a taɓa su ba. Ban gaya wa kowa ba. Na yi wa Radiyya faɗan da ba za ta manta ba, na ce wa Hajiya ba da yawuna aka sa sharaɗin nan ba. Ki ba ni lokaci, in komai ya lafa da kaina zan kai ki wurinsa."

"Na yarda ba ka yi nufi ba."

"To ki yafe min, masoyiyata..."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, Lukman. Ka ga hannun Bilya. Ka ga an kori yayana daga garin da aka binne uwarsa. In da za a mayar da kai ranar nan, ka san duk abin da zai biyo baya... za ka ɗinka?"

A ranta tana roƙon Allah ya sa ya yi mata ƙarya, ƙarya ɗaya tak, ta riƙe ta su yi aurensu.

"Da ba zan tambaye shi a gaban kowa ba," ya ce, hawaye na zubo masa. "Da zan nemi wata dabara. Amma ɗinkin... a'a, Khaulat. Ba zan yi miki ƙarya ba. Ba zan ɗinka ba."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Na gode da ka faɗa min gaskiya. Shagonka ne, hannunka ne, ba wanda ya isa ya tilasta maka. Ni ma ba zan tilasta maka ba."

"Alhamdu lillah, to..."

"Kai ma kada ka tilasta min. Ba zan iya ba, Lukman. Kullum na zuba maka abinci, hannun nan naka zan riƙa kallo. In na haihu, me zan ce wa 'ya'yana in suka tambayi dangin uwarsu?"

"Khaulat, kada ki yi mana haka! Saura kwana uku! Ina sonki, wallahi ina sonki!"

"Ni ma ina sonka," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Shi ne abin da ya fi ƙona min rai."

Ta tashi ta shige gida. Yana kiran sunanta har maƙwabta suka leƙo, ba ta waiwayo ba. Alhamis aka mayar da akwatunan lefe. Kawu Isyaku ya yi rantsuwar ba shi ba ita. Radiyya kuwa aka ce har kunun gyaɗa ta dama ta kai wa Hajiya.

Asabar ta zo. Gidan shiru, ba tukunya a wuta, ba ko mace ɗaya a tsakar gida. Khaulat na zaune a ƙofar ɗakin yayanta da ƙarfe sha ɗaya da rabi wayarta ta yi ƙara.

"Auta!" Muryarsa cike da murna, ana jin hayaniyar motoci a bayansa. "Amarya! Tun safe na kasa zama. Ga Bilya nan, ya ce in gaishe ki, hannun da sauƙi. Yaya taro? An cika?"

Ta toshe bakinta da gyale.

"Auta? Kina ji na? Na ji shiru..."

"Na shigo ɗaki ne, Yaya. Hayaniya ta yi yawa a waje."

"Allah sarki! To gaya min mana, kada ki bar ni a tsaye. An ɗaura?"

Ta runtse ido, hawaye na sauka har wuyanta.

"An ɗaura, Yaya."

Ta ji ya ja dogon numfashi, sannan ya fashe da kuka yana dariya.

"Alhamdu lillah! Bilya, an ɗaura! Kai, Alhamdu lillah... ashe tafiyar tamu ba ta tashi a banza ba."