Ranar da Gwaggo Ta Je Bincike

Auta na tsakar gida tana dirje baƙin mai daga faratanta, Umma na tsaye a kanta tana faɗa. Saƙo ya sake zuwa daga gwaggon Dogo, saurayin da zai auri Auta, wadda ta raine shi tun yana goye: ko Auta ta bar aikin koyon da take yi a kamfanin famfo, ko a mayar musu da kayan sa rana. Wai ba za su haɗa zuri'a da bakanike ba, ko da digiri a hammata. Auta ta sha kuka. Saura wata biyu ta gama, kuma injin ban ruwan da ta ƙera na aikin kammala karatu ko gwaji bai sha ba. Dogo kuwa in Gwaggo ta yi tari sai ya nemi ƙofa.

Washegari Gwaggo ta yafa gyale ta tafi kamfanin da kanta, ta kamo laifi da idonta. A bakin shago ta tarar da wani cikin kayan aiki, hular kwano a ka, takunkumi a fuska.

"Kai ɗan nan, ka san wata mara kunya da ake kira Auta?"

Ashe Autar ce da kanta a cikin takunkumin. Ta ɗaga kai kawai, ta jawo wa Gwaggo kujera, ta goge da hannun riga, ta kawo ruwa. Gwaggo ta zauna ta buɗe baki. Ta ce yarinyar ba ta da tarbiyya, hannunta kamar gindin tukunya, ko gaisuwa ba ta iya ba. Auta na jin kowace kalma har ƙashi, tana yi mata fifita da kwali. Da tartsatsin walda ya taso, Auta ta sha gaban Gwaggo ya sauka a bayanta.

"Allah ya yi maka albarka. Da irinka ce ita, da gobe an ɗaura."

Sai ga oga ya leƙo yana neman Auta, wai ta zo ta tayar da injinta. Auta ta cire takunkumin, ta durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Gwaggo."

Gwaggo ta dubi kofin hannunta kamar shi ya ci amanarta. Ta ce ai tun farko ta gane, gwada ta take yi. Ba wanda ya musa, har oga. Gwaggo na zaune injin ya tashi, ruwa ya yi tsalle ya jiƙa mata takalmi.

Da yamma saƙo ya iso wa Umma: a bar yarinya ta gama, biki ya jira.

Da Auta ta mayar da magana ɗaya a bakin shagon nan, da ta rasa Dogo da bakinta. Haƙuri da ladabi suka yi mata shaidar da ba ta iya yi wa kanta ba.