Jinin Da Bai Hau Aska Ba

"Kar ki taɓa ni!"

Bushira ta tsaya cak da tsumma a hannu. Ƙayar tarwaɗa ce ta tsarge tafin Shu'ibu yana sauke kwando daga babur, jini na ɗiga a ƙasa. Ita ce mai sayen kifinsa tana banda a bayan kasuwar kifi ta Haɗejiya, kuma ita ce wadda aka kai wa gaisuwar aurensa.

"Yaya Shu'ibu, ni kake yi wa tsawa?"

"Na ce ki matsa!"

Ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe jinin. Ya fizge tsumman ya ɗaure da haƙori.

Sai a lokacin ta dubi idonsa sosai. Farin ya koma ɗorawa.

"Idonka fa?"

"Shawara ce. Inna na ba ni jiƙo."

"Shawara ce ta sa kake gudun hannuna?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Mata na can suna hura wuta, hayaƙi ya rufe su. Ya tsuguna bayan tanda.

"Bara waccan, da ƙanena ya faɗi a babur, na je ba da jini. Suka ƙi karɓa. Suka ce... ƙanjamau."

Wuƙar gyaran kifi da ke ɗaya hannunta ta faɗi.

"Bara waccan?"

"E."

"Maganin fa?"

"Ban koma ba. Ƙofar da ake karɓa tana kallon inuwar da 'yan acaɓan garinmu Auyo ke zama. Kafin in kai gida labari ya riga ni."

"Sai ka zaɓi mutuwa? Ni kuma yaushe za ka faɗa min? Ran da aka kai ni?"

"Kullum da maganar nake tahowa, Bushi. In na gan ki sai ta maƙale."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafi, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Tashi."

"Ina?"

"Ƙofar nan da kake tsoro. Ni zan shige gaba, su fara ganina."

*

Likitar mace ce, ba ta da kwana-kwana. Da sakamako ya fito ta dube shi kai tsaye.

"Malam, cuta biyu ce a jikinka. Ga wadda ka sani, ga ciwon hanta, irin wanda muke ce wa B. Da ka bar ta farko ba magani, sai ta biyun ta samu fili tana cin hantarka. Jiƙon nan kuma ƙara mata wahala yake. Ka daina yau."

"Zan tashi, likita?"

"In ka ji magana. Ƙwaya ɗaya ce kullum, tana danne su duka biyun. Amma ba a fasa ta. Ran da ka ajiye, hantar ce za ta fara biya. Sannan ka kiyaye jininka. Cutar hantar nan takan daɗe a bakin reza ko aska, ko jinin ya bushe."

Bushira ta ɗago kai da sauri.

Aska!

Mahaifinta, Malam Sunusi, wanzami ne. Rabin unguwarsu a hannunsa suke aski da ƙaho.

Ita ma aka gwada ta, ba ta da ko ɗaya. Aka fara mata allurar rigakafin hanta.

A hanya Shu'ibu ya ce, "Ki janye, Bushi. Ba zan ga laifinki ba."

"Rufe min baki. Ka sha maganinka. Sauran ka bar min in yi tunani."

Tunanin bai bar ta ta zauna ba. Kifi ya ƙone mata a tanda har sau nawa. Ta zuba gishiri a kunu. In ta faɗa wa Baba, aure ya mutu. In ta yi shiru, da wane ido za ta dube shi?

*

Ranar kasuwa da hantsi ta dawo ɗaukar itace, sai ta ji muryar Inna Kulu, mahaifiyar Shu'ibu, a zaurensu.

"Maganin asibiti ba ya jin shawara, Malam. Ya'u ne ya zo har Auyo ya ce in kawo shi ka zuƙe mataccen jinin."

Ya'u!

Ɗan wan Baba ne, tare suke sana'a. Ya nemi Bushira tun tuni, ta ce masa ita wa ta ɗauke shi. Bai taɓa yafewa ba.

Ta leƙa. Zaure cike. Dattawa uku na jiran aski, ga maƙwabcinsu ya tuɓe riga yana jiran nasa ƙahon. Shu'ibu na zaune a tabarma, gumi na bin wuyansa.

"Baba, da an bari sai wani lokaci..." in ji shi.

"Kai, tuɓe!" Malam Sunusi ya yi dariya yana buɗe zabira. "Ƙaton masunci, kana shiga ruwa cikin ciyawar kacalla da macizai, ƙaho ne zai ba ka tsoro? Surukina ne kai, da hannuna zan yi maka."

"Kar ka kunyata ni gaban surukai," Inna Kulu ta ce daga bakin ƙofa.

Ya cire rigar a hankali. Baba ya kafa ƙaho a bayansa ya zuƙa, fata ta tasa. Ya'u ya wasa aska a tafinsa, ya miƙa yana murmushi.

Bushira ta damƙe labule.

Idonta ya haɗu da na Shu'ibu ta kafar labulen.

Baba ya cire ƙahon, ya ɗaga aska.

Shu'ibu ya miƙe zumbur.

"Baba, kar askarka ta taɓa ni."

"Lafiya?"

"Jinina ba lafiya. Ina da ƙanjamau, ina da ciwon hanta. In ta shiga jikina ta koma kan bayin Allahn nan, na cuce su, na cuce ka."

Maƙwabcin ya jawo rigarsa. Inna Kulu ta dafe bango ta zame ƙasa tana salati.

Ya'u ya tafa hannu.

"Yauwa! Ai na sani! Tun ran da asibiti suka ƙi jininsa aka gaya min. Baffa, ka ga abin da za ka ba 'yarka!"

Malam Sunusi ya juyo a hankali.

"Ka sani?"

"Wallahi tun tuni, Baffa."

"Ka sani, ka je har Auyo ka kirawo shi. Ka sani, ka wasa aska ka miƙo min."

"Ai so nake ya..."

"Da bai tashi ba fa? Wa ke biye da shi a layi? Da kunya ta danne shi, da yanzu me na ɗora wa mutane?"

Ya'u ya fara kame-kame.

"Ajiye min zabirata. Fita."

Ya fita. Baba ya dubi Shu'ibu.

"Kai ma sa rigarka. Ɗauki mahaifiyarka ku tafi. Maganar aure kuma a ajiye ta."

Bushira ta faɗo zauren, ta durƙusa.

"Baba..."

"Kin sani ke ma?"

"Ni na kai shi asibiti."

"Shiga gida!"

*

Magana ta zaga Haɗejiya, ta haye kogi. Wasu suka daina sayen kifin Shu'ibu. Baba ya daina amsa gaisuwar Bushira. Ta rame. Waya kawai ta rage musu.

"Ka sha?"

"Na sha, rabin raina. Kin ci abinci?"

"Ba ruwanka. Idon fa?"

"Yana washewa. Inna ta zubar da tukunyar jiƙo. Ita ke tuna min lokaci yanzu."

Wata safiya Baba ya sa babbar riga ya ce, "Ɗauko mayafinki. Kai ni wajen matar nan."

Ya zauna gaban likita kamar mai cinikin sa.

"Kar ki lallaɓa ni. In na ba shi ita, na kashe ta?"

"A'a, Baba. In ta kammala allurarta, gwaji ya nuna ta kama, ta hantar ba za ta shige ta ba. In ya riƙe magani har ɗayar ta kwanta a jininsa, ba zai sa mata ba. Sai dai a jira gwaji ya tabbatar."

"'Ya'ya fa?"

"A haife su a asibiti, a yi musu allura ran haihuwa."

Baba ya naɗe hannun riga.

"To ni ma ɗebi nawa. Tun ina saurayi hannuna cikin jinin mutane yake."

A hanyar gida, da suka kai gada, ya juyo ya dube ta.

"Ki ce masa ya riƙe maganin. In gwaji ya yi kyau, su turo."

"Baba!"

"Kar ki yi min kuka a titi. Mutumin da ya zaɓi ya tozarta gaban jama'a don kar ya cuci baƙo, ba zai cuci matarsa ba."

Sai da aka yanke shinkafa a fadamar Auyo, ruwa ya ja baya, gwajin ya fito yadda ake so. Hantar ta ji jiki, likita ta ce za a riƙa dubawa har ƙarshen rayuwa. Shu'ibu ya ce ya ji.

Ranar ɗaurin aure wasu dangi ba su zo ba. Baba ya ce shinkafar ta ƙara auki.

Da aka kai ta, 'yan rakiya suka watse, Shu'ibu ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Bushi... kin tabbata? Har in mutu fa da ƙwayar nan nake."

Ta ɗaga mayafi ta harare shi.

"Ni kuma har in mutu da kai nake. Shigo ka rufe ƙofa, sauro na shiga."