Igiyar Wutsiyar Biskit

A garinmu da ke Florida ta Amurka, idan hunturu ya shigo, ruwan kogi kan yi sanyi ƙalau. Ayu ba sa jure wannan. Sai su taru a marmaro mai ɗumi da ke bayan gari. Wanda ya ɓata hanya, sanyi ne ajalinsa.

Akwai wata yarinya da ke zaune da kakanta a bakin kogin. Ran Asabar ta shiga kwalekwalensa. Sai ta ga ɗan ayu yana jan igiya a wutsiya, wata roba tana binsa a saman ruwa.

"Wayyo, tarkon ƙaguwa ya kama shi!" in ji ta.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗauko almakashi ta datse igiyar. Ta kawo robar gida tana taƙama.

Kaka ya jujjuya robar. "Jarumar gidanmu, kin iya karatu kuwa?"

"Kaka, ni ce ta ɗaya a ajinmu!"

"To karanta nan."

An rubuta kada a cire, ga lambar waya a ƙasa. Ita da kanta ta buga wayar.

Mis Loretta, mai kula da ayu, ta iso ba fara'a.

"Sunan ɗan ayun Biskit," in ji ta. "Maraya ne, a hannunmu ya girma. Kwanan nan muka sake shi, bai gama sanin hanyar marmaro ba. Na'urar da ke cikin robar nan ce ke nuna mana inda yake. Jibi kuma sanyi mai tsanani zai sauko."

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Share hawayen nan, ba su da amfani a gare shi. Za ki gane shi?"

"Yana da farin tabo a baya, kamar cokali mai yatsu."

"Injin jirgin ruwa ne ya yanke shi. To, buɗe ido."

Ran Lahadi ita da Kaka suka bi kogi har hannuwanta suka yi kanta. Ba Biskit. Ta bi gidajen bakin ruwa tana tambaya.

"Ke ce mai almakashin?" in ji Mista Purvis, mai sayar da ƙugiya. "Don Allah kada ki zo kusa da igiyar jirgina!"

Ta ji kunya, amma ba ta fasa ba.

Ran Litinin, tana tashi daga makaranta ta ja Kaka suka koma. Iska ta fara cizo.

"Bayana ya gaji, mu juya," in ji Kaka.

"Saura lungu ɗaya, Kaka. Ni zan tuƙa."

A ƙarshen lungun, wani hanci ya ɓullo ya yi huci. Ga farin tabon! Ta miƙa hannu, sai ta janye. Ta ɗauko waya.

Mis Loretta ta zo da mutanenta da babbar komar kamun kifi. Suka ɗora Biskit a mota, suka kai shi marmaro, suka ɗaura masa sabuwar roba. Ya nutse cikin ruwan ɗumi tsakanin 'yan'uwansa.

Mis Loretta ta dafa kafaɗar yarinyar. "Kin yi ɓarna, kin kuma tsaya kin gyara. Haka ake so."

Yara, tausayi kaɗai bai isa ba. Kafin ku taimaka, ku tambayi wanda ya sani.